Jan Bankin Kakuri Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Zakariyya'u Masinja, a madadin duk waɗanda suka taɓa shan inuwarsa, nake sanar da jama'ar Kakuri da Makera rasuwar tsohon ginin bankin unguwarmu, wanda aka fi sani da Jan Banki. Ya rasu ranar Litinin da azahar, yana da shekara sittin da uku, bayan doguwar jinya da kuma sa'a huɗu a hannun katafila.

An haifi marigayin shekara ɗaya bayan samun 'yancin kai, lokacin da masaƙu ke tashe, jiniya na kiran ma'aikata sau uku a rana. Da duwatsu aka sa harsashinsa, aka ɗora jan bulo wanda har ya mutu bai san fenti ba. Ginshiƙai huɗu ne a gabansa, kowanne sai mutum biyu sun haɗa hannu za su zagaye shi. Silin ɗinsa ya yi nisa da ƙasa, tagoginsa dogaye ne masu sandunan ƙarfe, saboda haka ko a tsakiyar bazara wanda ya shiga sai ya ji sanyi ya ratsa shi. Kantar da ake tsayawa a gabanta katakon maɗaci ce, gwiwar hannun jama'a ta goge ta har tana sheƙi. Can ciki kuma akwai ɗakin ajiya, mai bango kaurin kamu biyu da ƙofar ƙarfe wadda aka ce ta jirgin ruwa ta zo.

Na shiga hidimarsa a 1978, ina saurayi, aka ba ni kaki da baƙin keke. Marigayin ba mai surutu ba ne. Abin da na sani na muryarsa shi ne kum, kum na hatimi a kan takarda, da ƙi-ƙi-ƙi na fanka ta uku wadda ta gagari duk masu gyara, da wani dogon nishi da ƙofar ɗakin ajiya ke yi idan an tura ta.

Cikin ayyukansa na alheri akwai guda wanda ba zan bari a binne shi da shi ba. A watan Fabrairun shekarar 2000, ranar da rikici ya ɓarke a garin nan, mutane suka riƙa gudowa barandarsa, wasu ko takalmi babu. Manajanmu a lokacin Oga Jonathan ne, mutumin Kagoro. Doka ta hana shi buɗe wa kowa. Ya dubi jama'ar ta taga, ya ce da ni, "Malam Zakari, buɗe ƙofar baya." Mu arba'in da ɗaya ya tura ɗakin ajiya, kusan dukanmu Musulmi, har da Dije mai abinci da jaririyarta ta wata biyu. Da samari suka iso da adduna da galan ɗin fetur, ya fita ya tsaya tsakanin ginshiƙai shi kaɗai.

"Ba kowa a nan sai ni da takardu," in ji shi. "Albashin iyayenku na ciki. In kun ƙone shi, ku je ku yi musu bayani."

Duk tsawon lokacin nan jaririyar Dije tana tsala kuka a ciki, uwar ta rasa yadda za ta yi. Bangon bai bar ko ɗigon sauti ya fita ba. Kwana biyu muka yi kafin sojoji su zo. Bayan haka yawancin waɗanda muka ɓuya tare suka tattara suka haye gadar kogi, suka koma wancan ɓangaren gari inda Musulmi suka fi yawa. Ni na zauna, saboda ɗakina yana bayan bankin, kuma ban san inda na fi shi aminci ba.

Ciwon ajali ya fara ne da rufe masaƙu. Jiniya ta yi shiru, layin ƙarshen wata ya riƙa gajarta har ya ɓace. Daga baya aka haɗe bankin da wani, aka cire allon suna, ma'aikata suka koma wani ginin gilashi a cikin gari. Aka bar ni gadi. Rufi ya soma yoyo, na tara bokiti. Ɓarayi suka zare wayoyin wuta. Tantabaru suka mayar da ofishin manaja gidansu. Tsaga ta fito a bangon yamma, na rubuta takarda sau biyar, ba a ba ni amsa ba.

Bara aka sayar da shi. Wakilin mai sayen ya zo da igiyar awo, ya ce shaguna za a jera. Na bi shi ina ba shi labarin ɗakin ajiya. Ya saurara da ladabi har na gama, sannan ya ce, "Allah Sarki, Baba. Sai ka fara neman inda za ka koma."

Ranar Litinin ginshiƙai suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, ba su yi gardama ba. Ɗakin ajiya ne ya tsaya. Direban katafila ya buga, ya sake bugawa, ya sauko yana share gumi ya tambaye ni wane ne ya gina wannan abu. Na ce ban san sunansu ba. Sai da aka kawo wani inji mai haƙori guda kafin bangon ya buɗe. Dije, da ke tsaye tana kallo, ta juya baya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Marigayin ya rasu ya bar Dije, wadda ta shekara talatin tana sayar da shinkafa da wake a barandarsa, yanzu tukunyarta na bakin kwata. Ya bar 'yarta Sadiya, jaririyar nan, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya. Ya bar Samson mai faci, wanda ke jingina tayoyi a bangon gabas. Ya bar ni, ina da shekara sittin da tara. Ya kuma bar Oga Jonathan, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shekara huɗu da suka wuce. Ya manta sunayen jikokinsa, amma duk Alhamis ɗansa Benjamin kan kawo shi a Keke Napep daga Unguwar Boro, a zaunar da shi a kan matakala, ya dube ni ya ce, "Malam Zakari, an buɗe?" In ce masa saura kaɗan, Oga.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Tifa za ta kwashe gawar daga yau zuwa Juma'a, a kai ta unguwar Mahuta a cike wani kwazazzabo da ruwa ya ci. Ƙofar ƙarfe da sandunan taga 'yan gwangwan sun riga sun ɗauka. Za a yi zaman makoki na kwana uku a gefen titi, daura da inda baranda take, daga hantsi zuwa la'asar. Mai zuwa ya taho da kujerarsa. Ranar Asabar zan haye gada zuwa gidan 'yata a Tudun Wada, don haka mai son yi mini ta'aziyya kada ya wuce Juma'a.

Ana roƙon duk wanda ya samu wannan sanarwa kada ya kai ta kunnen Oga Jonathan. Benjamin ya ce shi bakinsa ba zai iya faɗa masa ba, ni ma na ce ba za a kawo tsohon nan ya tarar da fili ba. Gobe Laraba zan je Unguwar Boro da kaina in zauna kusa da shi. Har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi.