Yadda Za Ka Gyara Rumbun Bayanai Ba Ka Goge Teburan Matarka Ba

Ranar Talata matata ta rasu. Bayan sati biyu, rumbun bayanan ofishinmu, wanda ita ta gina, ya fara korar mutane, wai haɗi ya kai iyaka. Manaja ya ce in gyara kafin ƙarshen wata ko a zubar da shi a sayo sabo. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin kowa zai rantse kana gyara.

1. Gano cutar, ka ɓoye ta
Kowane teburin bayanai da aka jono wa rumbun daga wani fayil ƙofar haɗi guda yake riƙewa, ƙofofin kuma ƙidayayyu ne. Tara daga ciki teburan gwajinta ne, ba mai amfani da su. In ka cire su, minti biyu an gama. Kada ka kuskura.

2. Nemo mai laifi
Sakatariya ta dace, fom shida take bari a buɗe. Za ta ce, "Baba, ni fa ban taɓa komai ba!" Ka ce, "Matsalar ke nan, 'yata. Taɓa ki rufe."

3. Kafa doka
Ɗauko cokalin shayi. Wanda ke riƙe da shi kaɗai ke shiga rumbu. Kafin azahar za ka ga mai sito, ƙato da gemu, yana bin sakatariya a baranda yana ihu, "Cokali! Don Allah cokali!" Littattafan mulki nawa na karanta, ban ga tsarin da ya kai wannan ba.

4. Rikita manaja
In ya leƙo ya ce, "Malam, ya ake ciki?" cire tabarau a hankali ka ce, "Ranka ya daɗe, teburan suna sulhu." Ba manajan da zai yarda bai gane ba.

5. Ƙwararre
Za a kawo shi. Zai ga teburin da ta sa wa suna "kada maigida ya taɓa", ya yi dariya ya ce, "Baba, in goge?" Yi dariya kai ma, ka fizge wayar wutar kwamfutar da ƙafa.

Gargaɗi: in an kore ka, ba ruwana, ni ma jibi wa'adina ke cika. Mai ƙorafi ya kai wa wadda ta gina abin. In ya same ta, ya faɗa mata shekara goma sha ɗaya na yi ina kiran aikin nan shirme, don kawai ban iya irinsa ba.