Jirgin da Ake Kira Auta

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Juma'a a unguwar Rusaifa ta Makka ba, ranar da na miƙe tsaye a gaban manya na ba da labarin da nake ganin duk Makka babu wanda ya kai ni saninsa.

Bari in fara da faɗin gaskiya. Ni mutumin Gusau ne, kuma ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga bai wuce gwiwata ba. A shekarun nan da ake ta aikin faɗaɗa Harami, ina tuƙa motar wani kamfani, ina jigilar masu Umara tsakanin filin jirgin Jidda da Makka, ina kwana a unguwar Utaibiyya ɗaki ɗaya da wasu 'yan gida. Wata rana jirgin baƙina ya yi jinkiri, sai na karkata bakin ruwan Abhur don in rage zaman jira. Ina tsaye ina shan iska sai ga wani abu dogo siriri ya taso a guje, hancinsa a sama, ƙararsa har cikin ƙirjina. Kafin in gama cewa "Subhanallah" ya ɓace, ya bar farin kumfa a bayansa. Wani Balarabe da ke kusa ya ce mini sunansa ɗarrad, wato jirgin ruwan gudu.

Daga ranar na kamu. Na samu wani dandali a intanet inda masu sha'awar irin waɗannan jirage ke taruwa, na shige ciki da guntun Larabcina. A can na koyi cewa manyansu ba a kasuwa ake sayensu ba. Mai kuɗi ne zai je can Amurka, wajen wasu maƙera da ke aiki da hannu a ƙananan rumfuna, ya faɗi tsawon da yake so, da injinan da yake so, da launi, har da kujera daidai da zamansa. Shi ya sa kowane jirgi yake da tarihi kamar mutum: wa ya sa aka ƙera shi, wa ya saya daga baya, wa ya sake masa fenti, a ina ya ƙare. Na haddace su tas. Abokan ɗakina suka laƙaba mini "Kyaftin", kuma da sun ga na ɗauko waya ina murmushi sai kowa ya tuna yana da wanki. (Ɗayansu ya taɓa ce mini in da rabin wannan ƙoƙari na sa a hadda, da yanzu ina limanci.)

A duk labaran, wanda na fi so shi ne na wani jirgi fari mai jan layi, wanda aka rubuta wa suna da haruffan boko a gefe: AWTA. 'Yan dandalin sun yi ta gardama a kan sunan, har wani mai yawan sani ya yanke hukunci cewa Italiyanci ne, sunan wata iska. Na karɓa hannu bibbiyu. (Na san kai mai karatu ka riga ka gane. Ni ban gane ba. Ci gaba da karatu kawai, ka bar ni da halina.) Labarin ya ce wani ɗan kwangila ne a Jidda ya sa aka ƙera shi zamanin da kuɗin mai ke ambaliya, mutumin da bai san komai a ruwa ba sai son a gani. Ya fita da shi, ya taka wuta don ya burge jama'a, ya hau kan duwatsun murjani. Masunta suka tsamo shi babu rawani, babu wando. Kunya ta sa ya sayar da jirgin ya ɓace daga Jidda.

To, ina da aboki, Abdulhadi, haifaffen Makka, jikan Hausawa. Hausarsa a karye take, sai ya jingina ta da Larabci take tsayawa. Ya gayyace ni cin abincin rana na auren wansa a wata istiraha, irin gidajen da ake haya don taro. Ya ce, "Lazim ka zo, ya ahi. Kawuna yana son Hausa marra, sosai da sosai, kuma mu ba mu iya ba. Zai yi farin ciki."

Na saka farar jallabiyata, na fesa turare, na tafi bayan sallar Juma'a.

Kawun nasa, Baba Salihu, dattijo ne siriri mai farin gemu, yana zaune a kusurwar majalisa da sanda a gefe. Na durƙusa na gaishe shi. Da ya ji Hausata sai fuskarsa ta washe, ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Ɗana, daga ina?"

"Daga Gusau, Baba."

"Madalla! Zauna nan kusa da ni. Waɗannan yaran sun kashe mini harshe, in na ce su kawo buta sai su kawo kofi."

Hausarsa tsohuwa ce, irin ta kakanni, mai daɗi. Ya tambaye ni ko har yanzu ana yin fura da nono a ƙwarya, ko ana cin ɗanwake da safe. Ya ce bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, a bakin kakarsa ya san ta. Da kansa ya zuba mini gahawa. Ya ce, "Duk Juma'a ka riƙa zuwa gidana, ka yi mini Hausa, ni kuma in ciyar da kai." Wallahi tun da na bar gida ban ji wani ya jawo ni jiki haka ba. Da na tsaya a nan, da yau wani labarin nake ba ku.

Sai wani saurayi ya tsokani ango, ya ce an ji zai kai amarya Jidda su hau jirgin ruwa, ya yi hankali kada ya yi amai a gabanta. Aka yi dariya. Ni kuwa kalmar "jirgin ruwa" ta shiga kunnena kamar an kira sunana.

Na gyara zama na ce, "Ai in ana maganar jirgi da abin kunya, ku bari in ba ku labari."

Na fara da tarihi, don su san da masani suke zaune. Na bayyana yadda ake ƙera su ɗaya-ɗaya, yadda injina biyu ke zama a baya kamar shanun huɗa. Ina yi ina haɗa Hausa da Larabci don kowa ya samu rabonsa. Da na ga samari sun matso, sai kaina ya ƙara girma. Na shiga labarin farin jirgi mai jan layi. Na miƙe tsaye. Na kwaikwayi ɗan kwangilar yana tafiya yana tura ciki gaba, na kama sitiyarin iska, har ƙarar inji na yi da bakina. (Ni, da gemuna, a gidan biki.)

Na lura dattawan da ke gefe sun yi tsit, amma na ɗauka daɗin labari ne ya kama su. Abdulhadi ya ja mini gefen riga. Na ture hannunsa. Ya sake ja, ya ce a hankali, "Halas, ya ahi, ya isa." Na ce masa, "Bari mana, yanzu zan zo wurin daɗin." Na kai jirgi kan duwatsu, na yi tsalle, na faɗa kan matashi, na sanar da jama'a cewa an tsamo sakaran babu wando.

Yara biyu suka yi dariya, suka duba fuskar iyayensu, suka haɗiye ta.

Baba Salihu ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Ɗana, me ka ce sunan jirgin?"

"Awta, Baba. Italiyanci ne. Sunan wata iska ce."

"Italiyanci." Ya jinjina kai. "A Gusau, ɗan da aka haifa a ƙarshe, me kuke ce masa?"

Na buɗe baki in amsa, sai a lokacin na gane. Shekara da shekaru ina kallon haruffan nan huɗu, ban taɓa furta su da bakin Bahaushe ba.

"Auta," na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba.

"To, shi ne. Ƙanena ne, sunansa Yusufu, amma kakarmu ta hana a kira shi da komai sai Auta. Yana jami'a lokacin. Shi ya zaɓi jan layin." Ya dube ni. "Duk abin da ka faɗa haka aka yi. Son a gani, da taka wuta, har wandon ma ba ƙarya ba ne. Ni ne sakaran. Abu ɗaya masu ba ka labari suka bari. Mu biyu muka fita, ni kaɗai aka tsamo da rai."

Ina nan kishingiɗe kan matashin da na faɗa, ƙafa ɗaya a sama. Ban san yadda ake tashi daga irin wannan wuri ba, har yau ban sani ba. Na fara, "Baba, wallahi ban sani ba, don Allah..." Ya ɗaga hannu.

"Na san ba ka sani ba. Zo ka zauna. Ka ce ka san inda jiragen nan suke ƙarewa. Shi yana ina?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na matso, na buɗe waya na nuna masa hoton ƙarshe da aka sa a dandalin. Jirgin na kan tayoyi a bayan wata rumfa, rana ta cinye shi, wani ya mayar da shi ruwan ɗorawa. Ya saka tabarau, ya daɗe yana kallo, yana shafa gilashin wayar da babban yatsa.

"Sun goge sunan," ya ce.

"Sun goge, Baba."

Ya miƙo mini wayar.

Nan aka shigo da farantan mandi, shinkafa da naman rago. Na yi niyyar sulalewa can ƙarshen ɗaki, amma ya kama hannuna ya zaunar da ni a farantinsa. Yana yagar nama mai laushi yana turawa gabana, yana cewa, "Ci, ɗana, kai baƙo ne." Ban taɓa cin abinci mai wuyar haɗiya irin wannan ba. Ana wanke hannu na ce ina da baƙi a filin jirgi (Abdulhadi ya san ranar hutuna ce), na fita kamar ana bina. Na isa wajen motata, na tarar wata tsohuwar mota ta tare ni ta baya. Na zagaya, na auna, na yi addu'a, babu hanya. Dole na koma cikin majalisar nan, na tsaya a bakin ƙofa na tambaya ko motar wa ce. Ba sai na faɗa muku ta wa ce ba. Ya zaro makulli daga aljihu ya ba jikansa, ya ce mini, "Sai Juma'a ke nan."

Ban je ba. Wannan shi ne abin da ya fi cin raina, fiye da tsallen da na yi kan matashi. Juma'a ta zo na ce ina da aiki. Ta sake zuwa na ce mura nake. Abdulhadi ya ce, "Kawu yana tambayarka, ya ce ina Bagusajensa." Na ce in sha Allahu mako mai zuwa. Na riƙa tsara jawabin ban haƙuri a cikin mota tsakanin Jidda da Makka, ina gyara shi, ina ƙara masa ayoyi, ina jiran ranar da zai yi kyau sosai. Har na daina bin titin gidansu. Aikin Hajji ya zo, aka tura mu jigilar alhazai Muzdalifa, na samu uzuri na gaske, na ji daɗinsa.

Bayan Hajji da 'yan makonni Abdulhadi ya kira ni, ya ce Baba Salihu ya rasu. Na bi sallar gawar a Harami bayan La'asar, cikin dubban mutanen da ba su san ko wane ne ba.

A wajen gaisuwa Abdulhadi ya ja ni gefe. Na ɗauka faɗa zai yi mini, na ma shirya karɓa. Sai ya ce, "Ka sani, tun da abin ya faru babu mai ambaton jirgin nan a gabansa. Mamnu'i ne a gidanmu, har sunan Yusufu ba a cika faɗa ba. Bayan ranar nan kuwa ya yi ta ba mu labarin Yusufu. Yadda yake dariya, yadda yake tsoron kyankyaso. Ni ban ma san kamanninsa ba sai lokacin. Ya so ka zo ka faɗa masa sauran mutanen da suka riƙe jirgin, ko sun kula da shi."

Na sani. Duk na san su, ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya kai shi tsere Dubai. Abu ɗaya ke nan da ilimin nan nawa marar amfani zai taɓa amfanar wani a duniya, ni kuwa ina can ina ɓuya a bayan sitiyari ina gyara jawabi.

Yanzu in zan ba da labarin wani a taro, sai na fara duba fuskokin dattawa, na tambaya ko akwai wanda ya san mutumin. Jama'a na ganin tsoro ne ya yi mini yawa, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma abin da na fi riƙewa shi ne wannan: in ka yi katoɓara a gaban mutum, shi kuma ya ce maka sai Juma'a, to ka ɗauki kunyarka ka tafi da ita ranar Juma'ar. Ba ta hana zama, kuma ba ta hana cin shinkafa. Ni shaida ne, na gwada.