Kawu, Rediyon Malam Lukmanu, Ya Yi Shiru

Da zuciya cike da baƙin ciki, da falo cike da ƙaurin da har yau bai gama fita daga labule ba, iyalan Malam Lukmanu na unguwar Yelwa a Garoua suna sanar da 'yan'uwa, da abokan arziki, da waɗanda shayi kawai ke kawo su, rasuwar babban rediyonsu wanda aka fi sani da Kawu. Ya cika ranar Asabar bayan la'asar, a gaban shaidu huɗu, yana da shekara sittin da bakwai, bayan gajeruwar jinya da wani magani da ya fi ciwon sauri.

An haifi marigayin a Turai, zamanin da ake yi wa rediyo jiki da katako a goge shi har mutum ya ga fuskarsa. Ya shigo Garoua ta kogin Binuwai cikin jirgin kaya, ya yi wa wani akawun auduga hidima, daga nan ya koma hannun wani dillalin shanu wanda ba ya kunna shi, yana dai so a gan shi a zaure. Sai labarinsa ya ɓace. Malam Lukmanu ne ya tsince shi a kasuwar Bibémi, wata mai ƙosai tana zaune a kansa. Ya ɗauro shi a bayan babur, ya tsaya sau uku a hanya yana duba ko ya ji ciwo. Da suka iso, matarsa Hajjo ta dubi akwatin, ta dubi mijin, ta je ta kwashe kwanukanta daga kan kabad ba tare da an roƙe ta ba. Shekara ashirin da biyu ke nan, kwanukan suna ƙarƙashin gado.

Kawu mai natsuwa ne. Ba ya buɗe baki da zarar an taɓa shi irin na'urorin yanzu. In an murɗa shi sai ya yi shiru kusan minti guda, fitilunsa shida na ciki su yi ɗumi, ya ce "hummm", kamar alƙalin da ya riga ya yanke hukunci amma yana so a ga ya yi tunani. Sannan ya yi fito, "wiii-yuuu", ya kawo labarin duniya. Bai taɓa ɗaukar hoton kowa ba, bai taɓa kai maganar wani gidan wani ba. A gilashin gabansa an jera sunayen birane, wasunsu sun sauya suna tuni, shi kuwa har ya mutu bai amince da sauyin ba. In hadari ya haɗo shi ke fara sani, ya riƙa kaki "ƙarr, ƙarr" tun sama na tangaran, Hajjo ta fita ta kwashe shanya.

A nan dole sanarwa ta ɗan kauce wa al'ada, domin ajalin Kawu ba zai fahimtu ba sai an faɗi yadda ake aiki a gidan.

Malam Lukmanu tsohon malamin labarin ƙasa ne, ya yi koyarwarsa a wajen Kaélé. Gyaran tsofaffin rediyo da talabijin sha'awa ce, ba sana'a ba, amma ita ta ba shi sunan da alli bai ba shi ba. Har daga Maga ake ɗauko masa gawa ya tashe ta. To, a cikin kowane tsohon rediyo akwai wasu 'yan abubuwa kamar ƙwayar wake, masu gyara na ce musu rezistans. Aikinsu su rage wa wuta ƙarfi kafin ta isa inda za ta yi ɓarna. Ba a rubuta ƙarfinsu da lamba, da zobba masu launi ake nunawa: baƙi sifiri, ruwan ƙasa ɗaya, ja biyu, haka har tara. Malam ya haddace tsarin kamar sunansa. Ya san abin da kowane launi ke nufi. Abin da bai sani ba shi ne launin da ke gabansa, domin tun haihuwa ja da kore da ruwan ƙasa 'yan gida ɗaya ne a idonsa. Tsofaffin ɗalibansa za su tuna ranar da ya shafe dazukan kudu da ruwan ƙasa a kan taswira, ya ce gargaɗi yake yi musu kan kwararowar hamada.

Akwai mita da ke auna waɗannan abubuwa ba ruwanta da launi. Malam ya taɓa mallakar ɗaya. Sai wata rana wani baƙo ya ce masu koyo ne ke aiki da ita, Malam ya ɗauke ta a gaban jama'a ya kyautar. Ya zauna da idonsa, wato ya zauna da Hajjo.

Ga yadda ake yi. Malam zai ɗaga rezistans da ɗan hantsaki, ya gyara tabarau, ya dubi baƙi da fuskar mai haƙuri.

"Hajjo, zo in gwada ki. Wannan fa?"

Ta leƙo daga kicin, hannu duk kuɓewa. "Ruwan ƙasa, baƙi, ja, Malam."

"Madalla. Dubu ɗaya ke nan. Kin fara koyo."

Shekara ashirin da biyu Hajjo tana fara koyo. Ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ba a taɓa ciyar da ita aji na gaba ba, ba ta kuma taɓa yin ƙorafi ba. Malam ya tabbata duk Garoua ba wanda ya san sirrin sai su biyu, kuma a kan wannan tabbaci ya gina mutuncinsa.

Ciwon ajali ya zo lokacin da Hajjo ta tafi Maga, ƙanwarta ta haihu. Kwana uku da tafiyarta muryar Kawu ta shaƙe. Malam ya buɗe bayansa, ya bi takardar tsarin, ya gano mai laifin cikin minti goma, don ba wanda ya ce bai san aiki ba. Rezistans guda ne ya tsufa. Wanda za a sa a madadinsa, zobensa na ƙarshe ja ne. A gwangwanin madara da yake ajiye kayan gyara akwai jeri biyu na rezistans manne a takarda, ɗaya mai ja, ɗaya mai ruwan ƙasa. Gobe kuma Asabar, ranar da abokai ke taruwa sauraron Kawu.

Malam na iya jiran Hajjo. Yana iya cewa Kawu na hutawa. Yana iya kiran kowace maƙwabciya ya gwada ta. Duk ya auna, ya ga kowanne zai sa a yi tambaya. Sai ya yini da jeri biyun nan. Ya kai su rana, ya kai su inuwa, ya rufe ido ɗaya, har ya sunsuna. Daga ƙarshe ya zaɓi wanda ya fi yi masa kama da mai gaskiya, ya liƙa shi da dalma, liƙi mai kyau ƙwarai. Tsakanin wanda ya sa da wanda ya kamata ya sa, sifiri ɗaya ne kacal.

Ranar Asabar aka zuba shayi, Malam ya murɗa. Kawu ya ce "hummm" kamar kullum. Ya ƙara cewa "hummmmm", wanda ba kamar kullum ba. Fitilunsa suka yi wani haske da ba a san su da shi ba, ya ce "fat", hayaƙi ya fito ta bayansa a hankali, cikin mutunci. Taransifomarsa ce ta ƙone, wato zuciyarsa, irin wadda aka daina yi tun kafin a haifi rabin masu karanta wannan sanarwa.

Cikin shaidun akwai Aristide, mai rumfar kayan gyara a babbar kasuwa, wanda duk abin da ke gwangwanin nan daga hannunsa ya fito, kuma shi aka bai wa mitar nan kyauta. Malam ya ji ido takwas a kansa. Bakinsa ya riga shi.

"Kayan jabu ne. Aristide, me ka sayar min?"

Aristide ya ajiye kofi, ya dubi Malam, ya ce, "Pardon, Prof," ya sa takalminsa ya fita. Kafin Litinin magana ta zagaya kasuwa. In Prof, kamar yadda 'yan kasuwa ke kiran Malam, da kansa ya ce kayan jabu ne, wa zai musa? Masu gyaran fanka da masu gyaran waya suka koma rumfar gaba, Aristide ya yini yana kore ƙuda daga kan kaya.

Hajjo ta dawo ranar Laraba da buhun shinkafa da busasshen kifi. Tun daga ƙofa hancinta ya gaya mata. Ta ajiye kaya, ta tsaya kan gawa, ta ɗauki jerin da aka ciri ɗaya daga ciki.

"Ruwan ƙasa ne, Malam."

"Ban tambaye ki ba."

"Na ga alama."

Ya gaya mata batun Aristide yana kallon bango. Hajjo ta ajiye jerin, ta juyo gare shi.

"Da wutar lantarki ka ɗora wa, Malam, da na tsaya maka shaida. Ita ba ta da 'ya'ya. Aristide na da biyar."

Washegari Malam ya sa babbar riga ya tafi kasuwa kamar mai zuwa kotu. Ya tsaya gaban rumfar Aristide, ya tara masu gyara, ya yi jawabi mai gabatarwa da sassa uku, irin na aji. Ya wanke Aristide tas. Sannan ya ja numfashi, ya faɗi abin da ya ɓoye tun yana ɗan firamare. Ya rufe ido yana jiran kasuwa ta girgiza.

Wani ya ci gaba da kwance fanka. Simone mai tumatir, da ke rumfar kusa, ta ɗago kai.

"Prof, shi ne labarin? Ni da nake musanya maka ɗanyen tumatir a leda shekara goma?"

Malam ya juya ga Aristide. Aristide ya sosa ƙeya.

"Duk kayan da ka zaɓa da kanka, Prof, Madam ke dawowa da su da yamma mu canza."

"To me ya hana ka faɗa ranar Asabar?"

"A gaban mutane? Haba, Prof. An yi min tarbiyya."

Masu gyara sun koma rumfar Aristide tun kafin azahar. Malam kuwa ya koma gida a ƙasa, ya manta cewa a kan babur ya zo. Ya zauna gaban Kawu bai tuɓe riga ba.

"Wato kowa ya sani, Hajjo?"

"Ba kowa ba, Malam. Akwai waɗanda bana suka zo garin."

Marigayin ya bar ƙanne goma sha huɗu, duk rediyoyi, tara na magana, biyar na jiran Hajjo ta huta gajiyar hanya. Ya bar talabijin uku, cikinsu har da wanda ba ya nuna komai sai farin layi ɗaya a tsakiya, wanda Malam ke cewa hoton tafkin Maga ne da safe. Ya bar wani rakoda da ya ci kaset ɗin bikinsu, aka yafe masa. Fitilunsa huɗu da suka tsira za a raba su tsakanin magada bisa buƙata.

Limamin unguwa ya tabbatar babu salla a kan katako, don haka za a tsaya a zaman makoki, ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, a gidan. Akwai shayi da gyaɗa. Za a ajiye gawar a kan kabad inda ta saba, a rufe ta da ƙyallen da Hajjo za ta zaɓa. Kada a kawo rediyon gyara ranar, kada kuma a kawo sabon rediyo da sunan jaje.

Malam zai maimaita jawabinsa a wurin, domin ya ce na kasuwa bai samu masu sauraro na kirki ba. Shi ba ya karanta abin da ake turawa ta waya, har da wannan sanarwa, saboda haka Hajjo na roƙon arziki guda. In ya iso sashe na uku ya ja numfashi, a taimaka a yi mamaki. Kama baki ya wadatar. Mutum ɗaya na iya yin salati, amma ba kowa ba, don Malam ba yaro ba ne. Wanda ya san dariya za ta kufce masa, ya zauna kusa da ƙofa.