Farfesan Sito da Garin Sitaci

Allah ya yi wa gidanmu baiwar da bai yi wa maƙwabta ba, ya ba mu masani. Babban wanmu ne. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da makullin sito a wani kamfanin kayan abinci, bai taɓa yin kuskure ba, kamar yadda shi da kansa ya shaida. Bara kamfanin ya tura shi bita ta kwana uku kan karanta rubutun jikin kwali. Ya tafi yana Yaya, ya dawo yana Farfesa. Tun daga ranar ba a ƙara cin abinci a gabansa ba, sai dai a ci "sinadarai".

Da aka yi wa Inna aiki a ƙugu, likita ya sallamo ta da magana ɗaya: jininta ya yi ƙasa, a dage mata da naman shanu da ganye, in ana so ciwon ya haɗe ta sake taka ƙafarta. Magana ce da kowa zai gane. Shi ya sa ba ta gamsar da Farfesa ba.

Ya ce a gidansa za ta yi jinya, tunda shi ne babba. Ranar da muka kai ta, ya tara mu a falo, mu ƙannensa mata uku. Ya dire kwali a kan tebur, ya zaro fakiti ɗaya, ya ɗaga shi kamar wanda ya ciyo kofi.

"Ku natsu, ilimi zan ba ku kyauta. Wannan garin sitacin dankali ne, tatacce, fari tas. Giram ɗari, kalori, wato ma'aunin ƙarfin abinci, ɗari uku da hamsin. Naman shanu fa? Ɗari biyu da hamsin, in ya yi ƙoƙari. To, tsakaninku da Allah, wace lamba ce babba?"

Autarmu ta ce, "Yaya, ai likita jini ya ce."

"Likitan ya taɓa riƙe sito? Nama kwana biyu ya yi wari. Wannan kuwa shekara biyu yana kan kanta, ko ƙwaro ba ya kusantarsa. Abin da bai lalace a sito ba, ta yaya zai lalace a ciki?"

Ba wanda ya tambaye shi abin da ƙwaron ya gano.

A ƙasan lambar tasa akwai wasu layuka da babban yatsansa ya danne. Na janye yatsan. Furotin mai gina jiki, sifili. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, sifili. Komai sifili, har ƙarshen takardar. Farfesa bai girgiza ba.

"Sifili ai tsafta ce. Ba kitse, ba ƙashi, ba jijiya. Ke a ina kika tsaya a karatu?"

Inna, da ke jiyo mu ta ƙofar ɗaki, ta ɗago hannu daga kan gado ta ce, "Ku bar shi, wanku ne." Muka bar shi. Wannan laifin namu ne, ba na ɓoye shi.

Ya manna jadawali a ƙofar ɗakinta, da sa hannu da hatimin sito. Safe cokali uku a ruwan zafi. Rana cokali huɗu. Yamma cokali uku, saboda kada ƙarfi ya yi mata yawa. Matarsa ke damawa, kanta a sunkuye. Duk naman da muka dafo muka kawo, a bakin ƙofa yake karɓe shi, ya ce sai an yi bincike a kansa. Binciken ya ɗauki mako uku. Sakamakonsa ya fito a wuyan Farfesa, ninki biyu.

Inna kuwa zobenta ya fara zamewa daga yatsa. In ta yunƙura za ta zauna, sai ɗakin ya juya mata. Ya ce alamar nasara ce, jiki ne ke fitar da tsohon nama.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar komawa asibiti ya ɗauko fakitinsa a hammata, don ma'aikatan su ma su ƙaru. Wata nas, dattijuwa mai tabarau, ta buɗe bandeji, ta ga ciwo yana nan yadda aka bar shi. Ta ja fatar idon Inna ƙasa, ta duba.

"Mama, me kike ci?"

"'Yar nan, ban riƙe sunansa ba. Ɗana ya ce ya fi nama. In dai ya huce, cokali yana tsayawa a ciki."

Farfesa ya gyara murya, ya fara daga giram ɗari. Nas ɗin ta bar shi har ya kai ga ƙwaro, sannan ta cire tabarau.

"Malam, sitaci itacen wuta ne, nama tubali. Tsohuwar nan gini ake yi mata, kai kana ta tura itace. Da dankalin ma ka dafa mata, da ta samu wani abu. Kai ka zaɓo abin da ya rage bayan an wanke masa komai."

Farfesa ya mayar da fakitinsa hammata. A hanyar fita ya sanar da mu cewa ilimin matar tsohon yayi ne, ba ta je bita ba. Tabarmar kunya dai da hauka akan naɗe ta.

Daga asibitin ɗakina muka wuce da Inna, ba mu nemi sa hannun kowa ba. Romo, tsoka, ganye, da ƙwayoyin ƙarin jini. Bayan mako bakwai ta dafa sanda ta kai bakin ƙofa da ƙafarta. Farfesa ya zo dubiya, ya kalle ta tsaye, ya gyaɗa kai kamar magini a gaban bene.

"Kun gani? Sitacin ne ya aza harsashi."

Ragowar garin, kwali biyar, matarsa ta miƙa wa mai wanki. Kuma kada a ci zalinsa, garin yana aiki. A duk gidan, abu ɗaya ne ya miƙe tsaye da ƙarfin sitacin nan: rigar Farfesa, ko ba kowa a cikinta.