Jarkar Maman Chidi

Har abada ba zan manta da ranar walimar kansilan unguwarmu ba, a shekarar da aka koma mulkin farar hula. Lokacin kananzir yana wahala, wasu marasa tsoron Allah kuma suna gauraya shi da fetur, risho ya yi ta fashewa a gidajen mutane. Ni kuwa Allah ya ba ni hanci. Daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni mata na kawo mini kwalabensu, in shinshina sau ɗaya in yanke hukunci. Ban taɓa kuskure ba (kuma ba na gajiya da faɗin haka).

Sai mura ta kwantar da ni. Na warke, majina ta tsaya, amma hancin ya mutu murus. Ko daddawa na kai bakin hancina, shiru. Ban gaya wa kowa ba, don gaskiya ina son wannan girman nawa.

Ranar walima tukwane na kan wuta, tsakar gida cike da mata, sai Hajiya matar kansila ta hango ni.

"Yawwa, ga mai hanci ta iso! Ga jarka nan an ajiye a zaure, kananzir ɗin da muka aika a sayo ne. Duba mana ita, 'yar uwa."

Baƙar jarka ce, ba a ganin cikinta. Na buɗe, na lumshe ido, na ja numfashi. Ban ji komai ba. Na yi lissafi a raina: in na ce mai kyau ne wani ya ƙone, na shiga uku. Sai na ɗago kai, na haɗe rai.

"Hajiya, rabinsa fetur ne. Kada a kusanta shi da wuta!"

Gida ya hautsine. Aka kwashi yara aka yi waje, aka sheƙa ruwa a murhu, shinkafa ko rabin dahuwa ba ta yi ba. Ni kuma ina tsaye ina ba da umarni (har da nuna yatsa).

Ana cikin haka maƙwabciyarmu Maman Chidi, wadda take aikin jinya, ta shigo da kofuna a leda.

"Hajiya, jarkata ta iso? Lemon citta ne na haɗa muku gudummawa."

Ta tsiyaya a kofi ta kurɓa a gaban kowa. Wata mata da ke nesa da ni ma ta ce tana jiyo ƙamshin cittar. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na furta cewa tun murar nan ba na jin komai.

Maman Chidi ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Ai sojojin jikinki ne. Sun kori ƙwayar murar, amma sun ƙi komawa bariki, suna ta kumbura cikin hancin. Ki ba su lokaci, namu ma sai yanzu suka koma."

Baƙi ba su ci abinci ba sai bayan la'asar, shinkafar ma ta caɓe. Hancin ya dawo daga baya, amma kwalabe ba su dawo ba. Abin da na koya shi ne, "ban sani ba" kalma uku ce kacal, kuma ba ta taɓa kashe wa kowa murhu ba.