Waƙar Lachlan Mai Taswira

Idan ana lissafin baiwar da Allah ya yi wa tsibirin Cape Breton, da Lachlan Beaton ake farawa, sannan a gangaro kan teku da kifi. Shi ma haka yake lissafin. Tun da ya bar sayar da inshorar mota ya zama shugaban Ƙungiyar Raya Harshen Gelik ta ƙauyen Glen Torra, harshen da kakanninsu suka ƙetaro da shi daga Sikotlan, ba a sake ganinsa babu taswira a hammata ba. Mai Taswira ake ce masa a gabansa, Rumbun Ilmi a bayansa. Da na biyun ya kai kunnensa, da godiya zai yi.

Ilminsa kuwa sai dai a yi shiru. Shi ya gano cewa a tsibirin Barra na Sikotlan aka haifi Gelik, daidai bayan gidan kakan kakansa. Daga nan harshen ya ƙetara Ailan, ya gangara Sifen, ya leƙa Masar.

"Da wane harshe kuke tsammani Adamu ya fara gaida Hauwa'u?" in ji shi, yana dukan taswira da sanda. "Ku yi tunani mana, jama'a!"

Mutum ɗaya ne ya yi tunanin: Fintan Doyle, tsohon mai raba wasiƙu, jikan mutanen Ailan. Shi cewa ya yi daga Ailan harshen ya shiga Sikotlan, kuma ko littafin 'yan firamare ya faɗa. Bai tsaya nan ba, bana sai ya fito neman kujerar da Lachlan ya shekara goma sha ɗaya yana ɗumamawa.

Ranar zaɓe, Asabar da la'asar, aka taru a zauren coci. Lachlan ya yi jawabi na minti arba'in, bai ma fito daga Sifen ba. Gwaggonsa Effie, mai shekara tamanin da takwas, wadda ta sha bulala a makaranta tana yarinya saboda Gelik, ta yi gyaran murya.

"Lachlan, shayi na hucewa."

"Gwaggo, ku tsofaffi yin yaren kawai kuke yi," ya ce da murmushin tausayi. "Saninsa kuwa sai mu."

Kofinta ta ajiye. Baki dai shi ke yanka wuya.

Kafin ƙuri'a akan yi bugun ulu. A zauna kewaye da dogon teburi, a riƙe jiƙaƙƙen mayafin ulu ana bugawa ana miƙa wa na kusa, ɗaya na ba da waƙa saura na amsawa. Duk mai neman kujera sai ya ba da tasa. To, a nan ƙullin yake. Gelik ɗin Rumbun Ilmi bai wuce gaisuwar safe ba, sai waƙa ɗaya tilo ta wata budurwa mai jiran masunci, wadda Gwaggo Effie ta yi hunturu uku tana cusa masa. Kowa ya sani, kowa kuma na bar masa ita, saboda zaman tare.

Babba ke buɗewa. Gwaggo Effie ta ɗora hannu kan ulu, ta dubi ɗan wanta, ta ɗauko budurwa mai jiran masunci. Baiti goma sha tara, ba ta rage masa ko ɗaya ba. Ba a kuwa maimaita waƙa a teburi ɗaya, in an yi ulun ba ya albarka. Lachlan ya fi kowa sani, don har ƙasida ya taɓa rubutawa a kai.

Fintan ya ba da tasa da murya kamar tsohuwar ƙofa, amma dai ya bayar. Sai layi ya zo kan shugaba. Hannuwa suka tsaya cak kan mayafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Kafin in fara," in ji Lachlan, "bari in ɗan taɓa asalin wannan al'ada, wadda a Barra..."

"Ulu na bushewa, ranka ya daɗe," in ji Fintan. "Ko ta Masar ce, ba mu, wallahi za mu amsa."

Lachlan ya buɗe baki. Ya rufe. Ya sake buɗewa, waƙa dai ta ƙi fitowa. Gaskiya ya ba da tausayi, har sai da wata mata ta kau da kai. Amma tausayi ba ya zama ƙuri'a. Da aka ɗaga hannu, biyu ya samu, nasa da na matarsa, ita ma nata bai wuce kafaɗa ba.

Yana naɗe taswira ya matso kusa da tsohuwar, murya ƙasa-ƙasa.

"Haba Gwaggo, me na yi miki?"

"Ba komai, ɗana," ta ce, tana shafa ulun. "Shekara goma sha ɗaya kana nuna mana duk inda harshen nan ya bi. Ni dai so na yi in ga ko ya taɓa biyowa ta bakinka."