Yadda Za Ka Rage wa Matarka Sauri Bayan Ta Rasu

Ranar wata Talata matar wani tsohon mai tace hoto a gidan talabijin ta ce ƙirjinta na ciwo, ta ɗauki jakarta ta nufi asibiti tun yana neman takalminsa. Shekara talatin da huɗu yana ce mata ta rage sauri. Ran nan ma ba ta rage ba.

Daga abin da ya same shi na tsamo wannan darasi. In ka bi shi daki-daki, na lamunce maka abin da babu mijin da ya taɓa samu tun da aka fara aure: matarka za ta yi tafiya daidai yadda kake so.

Mataki na 1: Bari 'yarka ta buɗe ɗakin

Ka kulle ɗakin marigayiyar shekara biyar, har ranar da Auta za ta zo hutu ta ƙwace mabuɗin. Ita za ta tsinci naɗin fim a gwangwanin alewa, ƙarƙashin zannuwa: na ƙaramar kyamarar da, minti uku, babu sauti. Za ta ce, "Baba, jikarka ba ta taɓa ganin Mama tana motsi ba. Asabar za mu koma, ka mayar mana da shi bidiyo." Ka ce aikin yini ɗaya ne. Duk ƙwararre da ƙarya yake fara aiki.

Mataki na 2: San inda gizo ke saƙar

Fim ba motsi ba ne, hotuna ne a jere, ido ne ke ruɗuwa. Tsohuwar kyamara hoto goma sha takwas take ɗauka a sakan guda, bidiyo kuwa ashirin da biyar yake haɗiyewa. In ka juye wancan cikin wannan kai tsaye, minti uku zai koma biyu da sakan goma, ka ga matarka ta ratsa tsakar gida da kwandon wanki kamar kazar da ta hango shaho. A kowane sakan hoto bakwai ne babu, kuma kai za ka samo su. Masana sun cika littattafai kan mene ne lokaci. Da wannan aikin aka ba su, da tuni sun yi shiru.

Mataki na 3: Maimaita

Hanya mafi sauƙi ita ce ka riƙa nuna wasu hotunan sau biyu. Saurin zai daidaita, amma za ta riƙa tafiya tana cijewa kamar mai ciwon gwiwa. Mutuminmu ya kalli matar da ba ta taɓa ɗingishi ba, ya ji kamar ya yi mata ƙazafi. Goge.

Mataki na 4: Gauraya

Narka hoto a cikin maƙwabcinsa don cike giɓin. Duk sanda ta ɗaga hannu za ka ga hannu huɗu. Mutuminmu ya ce da biyu ma ta ishe shi.

Mataki na 5: Bar wa kwamfuta ta ƙago

Ita takan dubi hoton baya da na gaba, ta zana abin da take zaton ya faru a tsakani. Ƙarya bakwai ke nan a sakan, amma sumul. Yanzu matarka za ta taho a natse, kamar wadda ba ta bar komai a wuta ba.

Hattara a nan. Kusa da ƙarshen naɗin ta juyo ta dubi kyamara, bakinta ya motsa. A da motsin wucewa yake kamar ƙiftawar ido, yanzu kuwa ana iya karanta shi. Mutuminmu ya mayar da wurin sau tara kafin ya yarda da abin da ya gane tun a na farko: "Hawainiya, ajiye abin nan ka taho." Sunan da take kiransa ke nan in babu baƙi. In Auta ta leƙo da shayi, ce mata hasken allon ne ke sa ido ruwa.

Mataki na 6: Nuna wa masu shi

Yammacin Juma'a Auta ta zauna da 'yarta a cinya. Ta kalli rabin minti, ta ce, "Baba, wace ce wannan?"

"Uwarki ce, daidai yadda aka ɗauke ta. Lissafi ba ya ƙarya."

"To lissafin bai taɓa bin ta kasuwa ba. Sa mana na farkon, wanda ka ce ya lalace."

Ya sa. Matar ta fito fit, ta shanya zane uku, ta harari kyamara, ta ɓace. Auta ta yi dariya har ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe ba ta buɗe ba. Sannan ta ce, "Ga kakarki nan."

Yarinyar ta ce, "Wa ya biyo ta?"

"Kakanki. Har yanzu bai cim mata ba."

Mataki na 7: Ba su lalataccen

Shi suke so, shi za su tafi da shi, aikinka na kwana huɗu ya tashi a banza. Gyararren kuwa ka adana wa kanka. Na jabu ne, amma a cikinsa matarka tana ƙara daɗewa a tsakar gidan da sakan hamsin.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba ruwansa da ciwon ido, ko hararar 'ya, ko shayin da ya huce. Ba ruwansa kuma da wanda ya ce sannu ba ta hana zuwa. Mai faɗar haka dai ba a asibiti aka jira shi ba. Mutuminmu ya isa bayanta da minti ashirin, ya tarar an ja labule. Duk tsawon aurensu, in ya cim mata a bakin titi tana tsaye riƙe da ƙugu, da mita yake farawa. Ran nan wata magana daban ya shirya tun daga ƙofar asibitin, kuma tana nan a bakinsa har yau:

"Yi haƙuri. Ga ni, na iso."